Ranar da Rambo ya fashe da kuka muka tashi muka bar gidan kallo

Shekaran jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, ga shi an kawo wuta abin mamaki, sai na zauna ina ta latse-latse har na faɗa kan First Blood, wato Rambo na ɗaya, na 1982. Rabona da fim ɗin nan tun muna yara, lokacin da ake biyan kuɗi a shiga gidan kallo a jeru kan benci, janareta na ƙugi a waje, mai gidan kallon na tsaye bakin ƙofa da tsumagiya saboda 'yan leƙe. Abin da na riƙe a kaina duk tsawon shekarun nan shi ne akta ya shiga daji, ya ɗinke hannunsa da kansa da allura, ya ɗana tarkuna, ya gasa wa 'yan sanda aya a hannu, ya dawo cikin gari ya cinna wa gidan mai wuta. Iyakar abin da na sani kenan, kuma na tabbata iyakar abin da mafi yawan sa'o'ina suka sani kenan.

Ashe akwai ƙarshe. Bayan an gama duk harbe-harben, mutumin nan da muke ɗauka ƙarfe ne sai ya zame ya zauna daɓas a ƙasa cikin ofishin 'yan sanda yana kuka kamar yaron da aka kwace wa nono, yana ba tsohon kanar ɗinsa labarin wani abokinsa da suka shiga mashaya tare a birnin Saigon lokacin yaƙin Biyatnam, wani yaro ya zo da akwatin goge takalmi ashe bam ne a ciki, shi ya je karɓo abin sha kenan abin ya tashi, ya dawo yana ta ƙoƙarin tattara naman abokin nasa yana mayar masa a jiki, abokin yana cewa shi gida yake son zuwa, shi kuma ya nemi ƙafafunsa ya rasa. Ya ce shekara bakwai kenan kullum sai abin ya dawo masa. Ya ce a can an damƙa masa kayan yaƙi na miliyoyin daloli, ya dawo gida ko aikin fakin ɗin motoci ya kasa riƙewa. Na tsayar da fim ɗin na yi shiru, ina tambayar kaina ya aka yi na manta wannan wajen, sai na tuna ai ban manta ba, ban taɓa kallonsa ba ne. Da zarar ƙarar bindiga ta tsaya muke fara miƙewa muna kakkaɓe wando, wani daga baya ya ce an fara surutu a wuce wajen nan, wani ya ce wannan wane irin akta ne yake kuka, dama ba Turancin muke ji ba balle na Stallone da kamar ya cika baki da tuwo yake magana.

Kuma ba mu kaɗai muka tashi ba, masu fim ɗin ma da kansu tashi suka yi. A 1985 suka fito da na biyu, suka ɗauki wannan mutumin da ko aska aka nuna masa sai jikinsa ya ɗau rawa saboda tuna azabar da aka gana masa, suka mayar da shi Biyatnam ɗin da kwari da baka mai tashin bam, a 1988 suka kai shi Afganistan. Ciwon ya tafi ina? Oho. A fim na farko mutum ɗaya ne kacal aka nuna ya mutu, shi ma faɗowa ya yi daga helikofta, amma a na bayan sai dai ka gaji da ƙirga gawa. Sun duba sun ga abin da ya cika musu aljihu, kuma ba kukan ba ne.

Abin da nake son faɗa kenan game da finafinan yaƙi da yadda suke nuna abin da yaƙi ke yi wa ƙwaƙwalwar soja bayan ya dawo gida. Suna son ciwon ne idan ciwon zai yi ƙara. In tsohon soja zai haukace ya ɗau bindiga ya tare gari, to ga kamara ga kuɗi ga jarumi mai tsada. In kuwa zai zauna ne a tsakar gida shekara ashirin ba ya barci, ba ya zuwa biki, ba ya iya wasa da 'ya'yansa, matarsa na tafiya a hankali kada kwano ya faɗi, wannan ba mai sayensa. Alhali shi ne ainihin ciwon, shi ne kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Ba wai kuma ba su sani ba ne. Sunan nan PTSD da kowa ke faɗa yanzu, wato ciwon firgita da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi littafinta na cututtuka, kuma matsin lambar waɗanda suka dawo daga Biyatnam na cikin abin da ya jawo hakan, amma ciwon ya girmi sunan. A yaƙin duniya na ɗaya likitocin Ingila ɗauka suka yi girgizar fashewar bam ce ke taɓa ƙwaƙwalwa, manyan hafsoshi kuma da yawansu suka ce ragwanta ce kawai, Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan ƙasa ta daɗe da cinye su. A 1943 a Sisili Janar Patton ya shiga tantin asibiti ya sharara wa sojoji biyu mari saboda ya gansu ba rauni a jiki suna cewa ba za su iya ba, sai da shugabansa Janar Eisenhower ya tilasta masa ba da haƙuri.

A ƙarshen yaƙin duniya na biyu rundunar sojan Amurka da kanta ta sa darakta John Huston ya je wani asibitin soja a Long Island ya ɗauki marasa lafiya na gaske, ba 'yan wasa ba, ya haɗa fim mai suna Let There Be Light. Na kalle shi, yana nan a intanet kyauta. Za ka ga saurayi majiyi ƙarfi ya kasa taka ƙafarsa alhali ba abin da ya sami ƙafar, wani in'ina ta kama shi ya kasa haɗa kalma biyu, wani ya manta sunansa, wani yana magana kawai hawaye ya ɓalle masa yana ba likita haƙuri. Ba harbi ko ɗaya, amma wallahi ya fi duk wani fim ɗin yaƙi da na gani tsaya min a wuya. To me rundunar ta yi da shi? Ta kulle shi a 1946, ta ce wai don kare sirrin marasa lafiyar, ba a bari jama'a sun gani ba sai wajen 1980. Shekara talatin da wani abu. Shi Huston ya ce ba wani sirri, ba sa son a ga soja a haka ne, wa zai kawo ɗansa a ɗauka in ya ga wannan. Ko da yake shi ma fim ɗin yana da nasa kwaskwarimar, don a ciki allura ɗaya ake yi wa mutum a ɗan yi masa magana sai ka ga gurgu ya miƙe, a ƙarshe duk su buga ƙwallo su hau bas su tafi gida kamar zazzaɓi aka yi aka warke.

A wannan shekarar ta 1946 ɗin dai aka fitar da The Best Years of Our Lives, wanda har yau a wajena ba a yi kamarsa ba a wannan fannin. Mutum uku ne suka dawo garinsu. Ɗaya hafsa ne mai sakin bam daga jirgi, ƙirji cike da lambobi, ya dawo ya rasa aiki sai tsohon aikinsa na zuba wa mutane lemo a kanti, da daddare yana zabura cikin barci yana kiran sunan abokinsa da jirgi ya ƙone da shi, matarsa kuma ta gaji tana ce masa wai ya daure ya manta mana, yaƙi ai ya ƙare. Ɗayan kuma ba shi da hannu biyu, kuma ba dabarar kamara ba ce, Harold Russell da ya fito a matsayin da gaske nakiya ta cire masa hannuwa a wajen atisaye a 1944. Akwai wajen da ya kira yarinyar da zai aura ya nuna mata yadda yake cire ƙarafunan da ke madadin hannunsa in zai kwanta, ya nuna mata cewa daga nan in iska ta rufe ƙofa sai dai ya jira wani ya buɗe masa. Ba kiɗa mai tada hankali, ba ihu. Fim ɗin ya ci Oscar na fim mafi kyau kuma ya yi kasuwa sosai, wato ba gaskiya ba ne a ce mutane ba za su taɓa kallon irin wannan ba, an dai daina ba su ne.

Ka kwatanta da Audie Murphy, ɗaya daga cikin sojojin Amurka da suka fi kowa samun lambobin yabo a wancan yaƙin, wanda ya fito a matsayin kansa a To Hell and Back a 1955. Fim ɗin ya ƙare ne ana rataya masa lamba ana fareti. Mutumin da a rayuwarsa ta gaske da bindiga ƙarƙashin matashi yake kwana, ya kamu da shan ƙwayar barci har sai da ya kulle kansa a ɗakin otal ya yi fama da kansa kafin ya rabu da ita. Fim ya tsaya daidai inda labarin ya fara.

Da Biyatnam ta zo sai abin ya juye ɗaya gefen. Aka bar jarumin da ba ya jin komai aka koma wa mahaukacin tsohon soja. Taxi Driver na 1976, De Niro ya dawo daga soja ba ya barci yana tuƙa tasi cikin dare a New York, ƙarshe ya aske kai ya sayi bindigogi ya yi wanka da jini. The Deer Hunter na 1978, Christopher Walken ya maƙale a Saigon yana cacar ɗora bindiga a kai da harsashi ɗaya a ciki, abin da 'yan jaridar da suka ɗauko rahoton yaƙin suka ce ba su da shaidar ya taɓa faruwa. Finafinai ne masu kyau, ba na musu, amma ka tara irinsu hamsin har da na talabijin ka ɗura wa jama'a na shekara goma, me kake tsammanin mai kamfani zai yi in tsohon soja ya kawo takardar neman aiki? Me uban yarinya zai ce? Ƙididdigar ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka ta nuna cikin waɗanda suka je Iraƙi da Afganistan kashi 11 zuwa 20 cikin ɗari ne ke fama da PTSD a shekara, wato mafi yawa ba su da shi, su ma masu shi ɗin akasarinsu ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Wanda suka fi cutarwa kansu ne, sama da tsofaffin sojoji 6,000 ke kashe kansu duk shekara a Amurka, kusan 17 kullum, a ɗaki, a mota, a gareji, ba mai kallo.

Na san wani zai ce to Chris Kyle fa? Gaskiya ne. Maharbin sojan Amurka da aka yi fim ɗin American Sniper a kansa, wanda ya je Iraƙi sau huɗu aka tabbatar masa da kisa 160, tsohon soja ɗan'uwansa ne ya harbe shi tare da abokinsa a filin koyon harbi a Texas a Fabrairun 2013, yaron da ya ɗauko don ya taimaka masa. Yana faruwa, ban ce ba ya faruwa ba. Sai dai shi wannan yaron likitoci sun ga alamun taɓin hankali mai tsanani a tare da shi wanda ya wuce firgitar yaƙi kawai, kuma dalilin da duniya ta san labarin ai don irinsa ba shi da yawa ne.

Shi kansa American Sniper ɗin abin haushinsa shi ne ya san gaskiyar, ya taɓo ta, sannan ya sake ta. Akwai wajen da Bradley Cooper ke zaune a falo ya ƙura wa talabijin ido kana jin ƙarar harbi da ihu, da kamara ta juyo sai ka ga talabijin ɗin a kashe take. Akwai wajen da ya dawo Amurka ya kasa ƙarasawa gida ya zauna a mashaya matarsa na waya tana tambayar yana wace ƙasa. Akwai wajen da kare ke wasa da yaro a wajen gashin nama ya zabura ya danne karen zai kashe. Duk wannan daidai ne, duk wanda ya zauna da irin mutanen nan zai gane. Amma daga nan fa? Ya ga likita sau ɗaya, ya fara raka nakasassun sojoji harbi, minti goma bai cika ba ga shi yana tsokanar matarsa a kicin ya warke sarai. Awa biyu ana nuna yadda aka farfasa mutum, minti goma a ɗinke shi. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500. Mutumin da ya rubuta shi, Jason Hall, ya dawo a 2017 ya yi Thank You for Your Service, wanda kusan gaba ɗayansa bayan dawowa ne, layi a ofishin tsofaffin sojoji, cike fom, a ce maka ka dawo bayan watanni kafin ka ga likita, wani ya manta ranar da ake ciki, wani ya dawo ya tarar matar da zai aura ta kwashe kaya da kuɗin banki ta gudu. Wannan ko kuɗin da aka kashe masa bai mayar ba. Marubuci ɗaya, yaƙi ɗaya. A nan kam laifin har da mu masu kallo.

In ka lura duk inda finafinan nan suka faɗi gaskiya to wajen da suka yi shiru ne. A The Deer Hunter ba cacar bindigar ce ta tsaya min ba, wajen da De Niro ya dawo garinsu a tasi ya hango an rataya kyalle an taru ana jiransa da murna ya ce wa direba ya wuce, ya je ya kama ɗaki a otal ya tsuguna jikin bango ya dafe kai. A The Hurt Locker, wanda Kathryn Bigelow ta zama mace ta farko da ta ci Oscar na darakta da shi a 2010, sojojin da suka yi aikin kwance bam da yawa sun ce yadda aka nuna aikin shirme ne, ba mai yin wannan gangancin a bar shi a bakin aiki, amma akwai sin ɗaya da ya biya kuɗin kallo: mutumin da ya kwance bama-bamai ɗaruruwa matarsa ta aike shi ya ɗauko kwalin konflas a kanti, ya tsaya gaban kwalaye iri-iri har ƙarshen layi ya rasa wanda zai ɗauka. Bai fasa komai ba, bai daki kowa ba, tsayuwa kawai ya yi, kuma daga tsayuwar nan ka san mutumin nan ba zai zauna a gida ba.

Sai kuma wani abu da ya fi damuna. A fim kullum ciwon tsoro ne, an kusa kashe ni, na ga an kashe abokina, sai a yi walƙiya a allo a nuno abin da ya faru a dawo da fuskar jarumi yana gumi. Dabara ce mai sauƙi. Amma wani likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay da ya shafe shekaru yana sauraron tsofaffin sojojin Biyatnam a Boston ya ce akwai wani raunin daban, na mutumin da aka sa shi ya yi ko ya ga abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne, ko na sama da shi suka ci amanarsa. Wannan ba firgita ba ce, kunya ce da ƙin kai, kuma ƙwayar barci ba ta maganinta. Finafinai kaɗan ne ke da ƙarfin halin shiga nan. Born on the Fourth of July na 1989 ya shiga, dama Oliver Stone da kansa ya yi yaƙin, labarin Ron Kovic da ya dawo a keken guragu amma abin da ke cinsa ba ƙafafun ba ne kawai, yana ganin shi ya harbe wani yaro ɗan rundunarsu bisa kuskure, ya je ya faɗa wa na sama da shi aka ce ya rufe bakinsa. Waltz with Bashir na 2008 ya fi shiga ma, fim ɗin zane ne na wani Ba'isra'ile Ari Folman, ya fara da abokinsa da kullum yake mafarkin karnuka 26 sun biyo shi, adadin karnukan da ya harbe a ƙauyukan Labanon don kada su yi haushi su tona asirin sojoji, shi kuma Folman ya gano ba ya tuna komai na 1982, ya bi abokai ɗaya bayan ɗaya har ya gano yana cikin masu harba fitilun da suka haska sama a daren da 'yan Falanja, mayaƙan Kiristocin Labanon, ke yanka Falasɗinawa a sansanonin gudun hijira na Sabra da Shatila. A minti na ƙarshe ya ajiye zanen ya sa hoton gaske na mata suna kururuwa cikin gawarwaki.

Kuma nan ne tambayar da ba a so take, ciwon wa ake nunawa? Amurkawa kusan 58,000 suka mutu a Biyatnam, 'yan Biyatnam kuwa ana maganar miliyoyi, amma mafarkin wa muka sani? American Sniper ya buɗe da mace da ƙaramin yaro ɗauke da gurneti, an harbe su, kamara ta koma kan fuskar maharbin don mu ga yadda abin ya taɓa shi. Yaron kayan aiki ne kawai na nuna mana jarumi yana da zuciya. Mu kuma muna zaune a Kano ko Damagaram muna tausaya wa mai bindigar, alhali in da za a jefa mu cikin fim ɗin a layin yaron za mu fito. Ba na cewa ciwon sojan ƙarya ne. Amma an koya mana cewa wasu ne ke da ƙwaƙwalwar da yaƙi ke taɓawa, sauran gawa ce kawai ko masu ihu a bayan fage. In kana son ganin ɗaya gefen nemi Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène na 1988, kan sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi aka dawo da su wani sansani kusa da Dakar, suka nemi haƙƙinsu aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. A ciki akwai wani da zaman sansanin Jamusawa ya ɗauke masa magana, yana yawo da hular kwanon sojan Jamus, da ya ga wayar da aka kewaye sansanin da ita sai ya kama shafa ta don ya gane inda aka kawo su. Shi ne ya hango tankokin yaƙi cikin dare ya zo yana ta nuni, aka ce rabu da shi mahaukaci ne.

Mu ma ai muna da namu. Kakanninmu sun je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu a runduna ta 81 da ta 82, Hausa ce ma harshen bariki a lokacin, har yau ga barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna ga Chindit a Zariya, duk sunayen can ne, muna wucewa ta gabansu kullum. Sai yaƙin basasa, sai Laberiya da Saliyo, ga na yanzu da aka fi shekara goma sha biyar ana yi a arewa maso gabas da tafkin Chadi. A 2022 Aisha Buhari ta tsaya a wajen aza harsashin cibiyar kula da masu PTSD ta sojoji a Abuja ta ce mijinta, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana fama da shi bayan yaƙin basasa da juyin mulki da tsarewar wata 40, ita ce ta zauna da abin tun tana yarinya. Aka yi ta raha da maganar a Facebook kwana biyu aka wuce. A wajenmu ai abu biyu ne, ko lafiyarka ƙalau ko a ce a kai ka Dawanau, in an tausaya a ce iska ce ko sammu, ba tsakiya. Finafinanmu kuma in soja ya fito to ko mugun da ke sa mutane tsallen kwaɗo ne ko abin dariya, in kuma rundunar ce ta ba da jirage da kaki kamar Eagle Wings na 2021 to ka san ba za a nuna matuƙin jirgi yana kuka a banɗaki ba, kamar yadda Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, ba ta ba ka jirgi sai ta karanta labarinka.

A layinmu da muna yara akwai wani tsohon soja, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo yana gadi a wani sito. Bai taɓa dukan kowa ba, ko tsawa ban taɓa ji ya yi ba. Abin da muka sani kawai ba ya zama sai bayansa na jikin bango, ko a masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa ta wajen ƙofa, ba ya zuwa wajen babbakar layya, in ana ƙona kai da ƙafa a layin sai ya bar unguwar sai dare. Mu kuma da sallah mu sayi nokawut mu laɓe mu jefa kusa da shi don mu ga yadda zai yi, ya kwanta flat a ƙasa da farar rigarsa, mu kwashe da dariya mu gudu muna lef-rai lef-rai, mun fito daga kallon Rambo muna jiran ranar da zai tashi ya yi mana irin ta akta. Bai taɓa yi ba. Tashi yake ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida.

Da ya rasu na riga na girma, na raka mahaifiyata gaisuwa wajen matarsa, ina daga bakin ƙofa ina jin su. Mahaifiyata ta ce Allah ya jiƙan malam, mutum mai haƙuri. Tsohuwar ta ce haƙuri kam Hajiya, ta ce shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa tashinsa daga barci da hannu ba, daga nesa take tsayawa ta kira sunansa a hankali har ya buɗe ido ya gane ɗakin. Ta ce bai taɓa ba ta labarin yaƙin ba ko sau ɗaya, kalma ɗaya kawai ta sani don ita yake faɗa cikin barci, har ta ɗauka sunan wata mace ce ta yi ta kishi shekara da shekaru ba ta tambaya ba, wai Abagana. Sai daga baya na karanta cewa gari ne kusa da Onica, inda a ƙarshen Maris 1968 aka yi wa ayarin motocin runduna ta biyu ta sojojin Najeriya kwanton ɓauna, aka sami tankar mai, wuta ta bi layin motocin da mutanen da ke ciki.